Cikin Baraka Ya Kwanta

Ranar da ya kamata Baraka ta fita takaba, ni na kwaɓa lallen da hannuna. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a Gwiwa, don haka da hantsi na ɗauki ƙwaryata na shiga. Na tarar an ɗora ruwan wanka, ita kuma tana zaune a ƙofar ɗakinta da tsefaffen kai, tana jiran mai kitso. Wata huɗu da kwana goma ke nan da mota ta buge mijinta Nuru a kan babur, yana dawowa daga kasuwar Roni. Yarinyar ta yi zaman nan yadda aka ce a yi, ba kwalli, ba turare, ko zaure ba ta leƙawa.

Surukarta, Iya Abu, ta fito ta dubi ƙwaryar lallen, ta dubi tukunyar, ta sa ƙafa ta janye itacen wutar.

"Shatu, mayar da lallenki. Babu mai fita takaba a gidan nan yau."

Na ce, "Yaya Abu, ai kwanaki sun cika. Ko ni ce lissafi ya ɓace wa?"

"Kwanaki na marasa ciki ne. Tambaye ta, yaushe rabonta da fashin salla?"

Baraka ta sunkuyar da kai. Gaskiya ne, tun kafin Nuru ya rasu al'adarta ta ɗauke. Shekara shida suna tare ba ta taɓa ko ɓatan wata ba, shi ya sa da abin ya tsaya ta gaya masa, shi kuma murna ta hana shi riƙewa, ya kai wa uwarsa. Amma ga shi watanni sun ja, ciki bai fito yadda ciki ke fitowa ba, bai kuma taɓa motsi ba.

Iya Abu ta ce, "Kwanciya ya yi. Firgitar mutuwar ubansa ce ta kwantar da shi. Mai ciki kuwa ba ta fita takaba sai ta haihu. Jinin autana Nuru yana nan, babu inda za shi."

A wajenmu kowace mace ta taso tana jin zancen kwantaccen ciki, wai ɗa yakan yi barci a cikin uwarsa shekara da shekaru, sai ranar da Allah ya tashe shi. Aka sauke ruwan aka yi wanke-wanke da shi, ni kuma na koma gida na ƙunsa wa jikokina lallen.

Daga nan jikin Baraka ya fara sauyawa a kan idonmu. Yarinya ce siririya mai dogon wuya, sai ga fuskarta ta yi zagaye kamar an hura, tozo ya fito mata a ƙasan ƙeya, ciki ya yi tulu, ƙafafu kuma suka sirance har ba ta iya tashi daga tabarma sai ta dafa bango. Matan da ke shigowa gaisuwa suna cewa, "Kai, Baraka, takaba ta karɓe ki, kin yi ɓul-ɓul!" Sai ta yi murmushi ta gyara lulluɓi.

Duk abin da ya fito, Iya Abu tana da fassararsa a baki. Nankarwa ta tsattsage wa Baraka ciki, manya-manya, jajaye, tsohuwar ta ce ga shaida nan, fata tana buɗe wa ɗa wuri. Ƙishirwa ta hana ta sakat, tana shan ruwa tana zagayawa bayan gida, ta ce duk mai ciki haka take. Da gashi ya tsiro wa Baraka a haɓa, muryarta ta yi kauri, tsohuwar nan har guɗa ta yi.

"Namiji ne! Gemun ubansa ne ya huda ya fito."

Wata rana na sami Baraka a bayan ɗaki da guntun madubi, tana tsige gashin da farce tana hawaye. Ta ce, "Gwaggo, haka ake yi? Ke da kika haifi maza huɗu, kin yi gemu?"

Na ce ban yi ba, kuma ban taɓa ganin wadda ta yi ba.

Akwai mutum na uku a gidan, Maikasuwa, wan marigayi. Nuru ya bar gonar fadama mai kyau, kuma muddin ana cewa akwai ciki, ba a raba gado. Shi ke noma ta, shi ke girbewa, wai yana riƙe wa maraya. Idan aka ce babu ciki, dole a auna wa Baraka rubu'inta, ta tafi da shi. Maikasuwa ba ya yawan magana. Idan uwarsa ta fara zancen jikanta, sai ya kaɗa kai ya ce, "Allah ya raba lafiya."

Bayan shekara ta zagayo, Baraka ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Ni na kira wanta Sama'ilu a waya, mai fataucin dabbobi ne a Babura. Ya zo ransa a ɓace, ya ce asibiti zai kai ta ko da wa za a yi. Iya Abu ta yarda da sharaɗi biyu, babbar mace ta raka ta tunda mai takaba ce, kuma Maikasuwa ya bi su ya zama idon gidan miji. Haka muka tafi mu huɗu. A Kazaure aka auna jininta, ma'aikaciyar ta sake aunawa don ba ta yarda da abin da ta gani ba, aka yi hoton ciki, aka ce mu wuce Kano.

A Kano muka yi kwanaki ana ɗibar jini da fitsari, aka sa ta cikin wata na'ura mai kama da rami. Likitar da ta kira mu mace ce, Bahaushiya, kuma da Hausa tsantsa ta yi mana bayani. Maikasuwa yana zaune a kujerar da ta fi kusa da teburinta.

Ta ce, "Baraka, mahaifarki babu komai a ciki. Ba ciki gare ki ba, ba ki kuma taɓa yin sa ba. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka, tana zaune kamar hula. Aikinta ta riƙa ɗiga wa jini wasu sinadarai kaɗan-kaɗan. Taki ta hagu ta yi ƙari, yanzu kwarara take yi maimakon ɗiga. Shi ya tsayar miki da al'ada, shi ya kawo ƙibar nan da gemun, da hawan jini, da suga."

Sama'ilu ya ce, "To, likita, mene ne maganinsa?"

"Aiki. Za mu fara ba ta magani mu sauko da jinin da sugan, sannan mu shiga mu cire tsokar da ƙarin gaba ɗaya. Ta dama za ta riƙe ta, sai dai za ta sha ƙwaya na wani lokaci kafin ita ma ta farfaɗo. Amma ban so a ja lokaci. Ya kai girman mangwaro, kuma irin wannan mai girma yakan zama mugu. Yanzu yana wuri ɗaya, hannu zai iya kai masa. Idan ya bazu, wuƙa ba ta da amfani."

Har tambaya Maikasuwa ya yi. Ya ce, "Wato idan an cire, shi ke nan, ta warke ta koma gidansu?"

Likita ta ce da yardar Allah. Ta sa mana ranar dawowa, ta ce a zo da masu ba da jini. Sama'ilu ya ce shi zai tsaya, zai sayar da bijimi ɗaya ya ɗauki komai. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce talauci ne ya kashe Baraka. Ba shi ba ne.

A mota Baraka ta jingina da ni har muka wuce Ɗambatta. Sannan ta ce a hankali, "Gwaggo, ashe duk watannin nan ciwo nake yi wa waƙa." Ta yi kuka sosai. Da ta share fuska kuma sai ta ce, "Idan an yi aikin, ke za ki sa mini lalle."

Da muka isa, Iya Abu ta zaunar da mu a tsakar gida. Sama'ilu ya mayar mata da bayani tiryan-tiryan. Ta saurara har ya gama, sannan ta yi tambaya ɗaya.

"Sun dai ga abu a cikinta?"

"Sun gani, Iya, amma ƙari ne."

"Girmansa kamar me?"

"Kamar mangwaro."

Ta ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi! Yana nan. Na faɗa muku. Sama ya hau ya laɓe a ƙarƙashin haƙarƙari, su kuma suna nemansa a ƙasa. Shi ne za su yanka su ciro mini jika su jefa a bokiti?"

Na ce, "Yaya Abu, ki ji tsoron Allah. Ɗa ba ya zama a saman ƙoda. Ga Maikasuwa nan, da kunnensa ya ji. Maikasuwa, faɗa mata."

Ya dubi ƙasa, ya sosa ƙeya. "To, ni dai Baba Shatu, ban gane turancinsu ba sosai. Sun ce akwai abu, wannan kam na ji."

"Wane turanci? Da Hausa ta yi magana!"

"Ni dai ba zan saɓa wa mahaifiyata ba."

Aka kira Malam Haladu, limamin unguwa. Ya ce fita don magani larura ce, mai takaba tana iya fita, babu laifi. Na ji sanyi a raina. Sai Iya Abu ta tambaye shi ko ciki yana kwanciya. Ya yi gyaran murya ya ce magabata sun ambaci hakan, har shekaru. Ya ce likita ta san nata, manya ma sun san nasu, a yi haƙuri da juna, a dage da addu'a. Ya shafa fatiha ya ɗauki takalmansa, kowa ya riƙe rabin da ya yi masa daɗi.

Kafin mako ya zagayo, magana ta gama gari. A bakin rijiya, a gidan suna, a wurin niƙa, cewa ake yi Baraka ta gaji da zama, tana so a zubar mata da cikin maraya don ta yi aure. Har Babura zancen ya kai. Mahaifiyarta, tsohuwa mai ciwon ƙafa, ta aiko mata da saƙo cewa ta rufa musu asiri, kada ta ja musu abin faɗa har jikoki.

Duk da haka, ranar da likita ta sa, Sama'ilu ya zo da mota da abokansa biyu masu ba da jini. Na taya Baraka haɗa kaya. Ta sa hijabi, ta riƙe jaka, muna tafe a hankali saboda ƙafafunta. Da muka zo ƙofar zaure, muka tarar Iya Abu ta kwanta a gicciye a bakin ƙofar, ta rufe hanya da jikinta.

Baraka ta durƙusa da ƙyar. "Iya, don Allah ki tashi."

"Ba zan tashi ba. Tsallaka. Ki tsallaka cikin da ya ɗauki Auta, ki tsallaka nonon da ya sha, ki je a yanka ɗansa. Ɗaya mota ta ɗauke mini, ɗaya kuma ke za ki kai da ƙafarki."

Daga waje Sama'ilu yana kira, "Baraka, fito! Ki tsallako kawai!"

Na kama hannunta na ce, "Ɗaga ƙafa, 'yar nan. Zunubin a kaina."

Ta dubi tsohuwar da ke kwance tana kuka, ta dubi hasken waje, ga motar nan ana hangenta, ƙofarta a buɗe. Yarinyar da aka yi wa tarbiyya a kan cewa ko inuwar suruka ba a takawa, yau ake ce mata ta ɗaga ƙafa ta haye ta, maƙwabta kuma sun cika ƙofar gida suna kallo. Maikasuwa yana tsaye a jikin bango, hannu a aljihu. Mutum ɗaya da zai iya sunkuyawa ya ɗaga uwarsa ke nan, bai motsa ba.

Baraka ta zare hannunta ta ce, "Gwaggo, ba zan iya ba." Ta juya ta koma ɗaki da jakarta.

Sama'ilu ya yi faɗa har muryarsa ta dishe, dattawa suka ba shi baki, suka ce ba a shiga gidan mutane a fizgo mai takaba. Ya sake dawowa sau biyu, Baraka da kanta take aiko masa cewa ya yi haƙuri, a ɗan ƙara lokaci ko Iya za ta sauko. Daga baya fatauci ya ja shi cikin Nijar, sai waya.

Iya Abu ba muguwa ba ce irin wadda ake ba da labari, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Ba ta taɓa hana Baraka abinci ba. Ita ke yi mata wanki, ita ke matsa mata ƙafa. Ta ɗauke magungunan asibiti ta ce suna da zafi, za su illata yaro, ta maye gurbinsu da na tayar da ciki. Jiƙe-jiƙe da kanwa ga mai hawan jini, zuma cokali-cokali ga mai suga. Tana ba ta tana shafa cikin tana cewa, "Tashi mana, ɗan Auta, ka ba mu wahala haka." Da ƙauna ta yi ta tura yarinyar nan rami, kuma duk wanda ya yi magana ya zama maƙiyin maraya.

Damina ta zo ta wuce, Maikasuwa ya girbe fadama. Baraka ta daina fitowa tsakar gida. Ƙaya ta soke ta a ƙafa, wurin ya ƙi warkewa ya zama gyambo. Bayanta ya riƙe, ko juyi sai an juya ta. Sannan ƙibar ta fara zubewa, idonta ya yi ruwan ɗorawa, ciwo ya kama ta a gefen dama yana murɗa ta. Duk murɗawar da ya yi, Iya Abu sai ta ce, "Kun gani? Ya fara motsi."

Ranar da ciwon ya kai ta ga ihu, tsohuwar da kanta ta aika a nemo mota. Ta ce naƙuda ce. Ta haɗa tsummoki da sabulu da 'yar riga da ta ɗinka tun bara, ta ce a yi maza. Ƙofar da ta tare da jikinta, ranar ita ta riƙe labulenta.

A Kano likitar nan ta gane mu. Ta dubi Baraka a kan gadon turawa, ta dube ni, ta ce, "Baba, ina kuka shiga?" Aka sake hoto. Ta kira ni da Maikasuwa gefe ta ce ƙarin ya shiga hanta, ya taɓa huhu, babu sauran abin da za a yanka. Ta rubuta maganin rage zafi, ta ce mu kai ta gida ta huta cikin 'yan'uwanta. Iya Abu ta ce ba komai, lokacinsa ne bai yi ba, ta ninke 'yar rigar ta mayar cikin jaka.

Bayan mun dawo, wata safiya Baraka ta riƙe mini zane ta ce, "Gwaggo, lallen nan fa. Ko a ɗan yatsa ɗaya ne." Na je na kwaɓa ɗan kaɗan a murfin kwano na kawo. Iya Abu ta tare ni a ƙofar ɗaki.

"Mai takaba za ki sa wa lalle?"

Ranar na faɗa mata abin da ke raina. Na ce, "Yaya Abu, Nuru ya mutu, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari ita ce yarinyar nan, kin kuma kashe ta." Ta karɓe murfin ta kife a ƙasa, ta ce kada in sake taka mata gida.

Ban sake takawa ba sai da aka aiko kirana, domin ni ke wankan gawar mata a unguwarmu. Baraka ta cika da safe, bayan an fito masallaci. Na shiga na same ta kamar ba ita ba, ƙashi da fata, sai cikin nan a kumbure. Iya Abu ta zauna a gefe ta ƙi fita. Na fara yadda ake farawa, na ɗora tafin hannu a kan cikin zan matsa a hankali, sai na ji an riƙe mini wuyan hannu.

"Shatu, kada ki danne shi. Barci yake yi."

Na gama wankan ina kuka. Na raba gashinta uku na kitse, na shafa mata turare. Rabonta da kitso da turare tun ranar da aka shigo da gawar mijinta. Aka ɗauke ta a makara aka bi ta zauren nan da ita, babu wanda ya kwanta a ƙofa, babu wanda ya ce mai takaba ba ta fita.

Ranar sadakar uku na fito daga cikin gida zan wuce ta zaure, maza suna zaune a kan tabarmi. Wani baƙo daga Yankwashi ya miƙa wa Maikasuwa hannu ya ce, "Allah ya jiƙanta, ita da abin da ke cikinta. An ce rashi biyu kuka yi."

Maikasuwa yana ɓare goro. Ya ce, "A'a, ai ba ciki ba ne. Ka san a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka, tana zaune kamar hula. To, tata ta hagu ce ta yi ƙari. Da an cire da wuri ma, da ta tashi."

Kalma ɗaya bai ɓatar ba. Baƙon ya ce Allahu akbar, sauran suka ce kwana ne ya ƙare. Maikasuwa ya miƙa masa rabin goron, ya juya yana tambayar wani nawa ake kai amalanken taki fadama bana.